A Bar Wa Malami Hukuncin Manhajar da Za Ta Shiga Ajinsa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a kacokan bisa kwamfuta, gardamar da ake yi a kan ko na'ura za ta shiga makarantunmu ko ba za ta shiga ba ta zo ƙarshe, domin yaron da bai taɓa ɗora hannunsa kan linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya haddace littattafansa daga bango zuwa bango, ya shiga ɗakin nan da rauni wanda ba laifinsa ba ne. Mas'alar da ta rage, wadda kuwa ita ce mai nauyi, ita ce wane ne ke da hakkin ya ce wannan manhaja ta cancanci shiga aji da ɗakin karatu, waccan kuwa a tsai da ita a bakin ƙofa. Ni dai ra'ayina, a matsayina na malamin sakandare wanda aka haɗa masa da kula da laburaren makaranta, shi ne wannan hukunci na malami ne da ma'aikacin laburare, bisa sharaɗin su gwada abin da hannunsu, a cikin ajin da za a yi aiki da shi, da irin wutar lantarki da irin sabis ɗin da Allah Ya hore wa garin, kafin a kashe ko sisin kwabo.

Al'adar da aka saba da ita kuwa akasin haka ce. Akan ƙulla ciniki a ofis, a kira taron ƙaddamarwa, a ɗauki hotuna, sa'an nan a tara malamai bita ta yini biyu a wani otal, a sallame su da takardar shaida da kuɗin mota, alhali kuwa babu wanda ya tambaye su ko abin ya dace da darasin da suke koyarwa. Duniya ta riga ta ga natijar irin wannan tsari. A shekarar 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya shelanta shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta mai araha, har aka gwada shi a wata firamare da ke gefen Abuja a 2007. Ƙasar Peru kuwa ta rungume shi hannu bibbiyu, ta sayi na'urori fiye da dubu 800, amma da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna sakamakon a 2012, ba su sami wani ci gaba a lissafi ko karatun yaran ba. Na'urorin ba su da aibi a zatinsu. An dai miƙa su ne ga yara ba tare da an fara shawo kan malamin da zai sarrafa su ba.

Mu da muka tashi a ƙasar da ilimi ke tafiya da sanadi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malaman Hadisi, Allah Ya saka musu da alheri, ba su karɓi magana don daɗinta ko don kyan lafazinta ba, sai da suka kafa fanni sukutum na jarhi da ta'adili, inda ake bin mai ruwaya a binciki adalcinsa da ƙarfin kiyayewarsa da wanda ya ji daga gare shi, har Ibn Abi Hatim, wanda ya rasu a shekara ta 327 bayan Hijira, ya tara mujalladai a kan wannan fanni kaɗai. A nan ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman domin ya ambaci shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. To, idan magabata sun yi wannan ihtiyaɗi a kan mutum mai fuska da suna da dangi, wanda ana iya zuwa garinsu a tambayi halinsa, ina ga manhajar da aka ƙera a wata nahiya, wadda ba mu san mai ita ba, ba mu kuwa san abin da yake nema a wurin 'ya'yanmu ba?

Farkon abin da gwaji ya nuna mini, kuma shi ne wanda masu talla suka fi ƙin a ambata, shi ne cewa yawancin waɗannan kayayyaki an gina su ne bisa zaton wuta ba ta ɗaukewa, sabis ba ya yankewa, kuma kowane ɗalibi yana da na'urarsa shi kaɗai. Google Classroom, wanda ya fito a 2014, abu ne mai tsari ƙwarai wajen raba aikin gida da karɓarsa da ba da maki, ba na kuwa musun fa'idarsa ga makarantar da ta cika waɗannan sharuɗɗa. Amma a ajin da ɗalibai suka haura saba'in, mafi yawansu kuwa sai dare ya yi suke aron wayar uwa ko ta yayansu, malamin da ya ɗora darasinsa a kan Google Classroom ya raba ajinsa gida biyu, masu hali da marasa hali, tun kafin a buɗe littafi. Ga kuma tsadar data, wadda ta ƙaru bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Kowa ya tuna shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu tun daga watan Maris: abin da ya isa ga yaran karkara a jihohi irin su Kano da Kaduna shi ne darasin rediyo, sai kuwa saƙon murya ta WhatsApp ga waɗanda iyayensu ke da babbar waya.

Saboda haka ne zuciyata ta fi kwanciya da kayan da aka yi su tun asali domin inda intanet ba ta isa ba. Akwai Kiwix, wanda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, shi kuwa Gaudin ɗin a ƙasar Mali ya ga buƙatar abin; aikinsa shi ne ya naɗe Wikipedia gaba ɗayanta, ko littattafan Project Gutenberg, cikin fayil guda wanda za a sauke sau ɗaya a birni, a kawo shi makaranta, a yi ta karantawa ba tare da an sake sayen data ba. Wikipedia ta Ingilishi mai hotuna ta kai wajen gigabait 100, ta Hausa kuwa ƙarama ce da kowace babbar waya za ta ɗauka. Akwai kuma Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality, wanda idan aka girka shi a kwamfuta ɗaya a laburare, sauran na'urorin da ke ɗakin za su iya jawo darussa daga gare ta, malami kuma ya ga wanda ya yi aiki da wanda ya tsaya. Kwamfuta guda da faifan sola da batir mai kyau sun wadatar da wannan, kuma kuɗinsu bai kai na taron ƙaddamarwa ɗaya ba.

Sai dai samun abin karantawa daban, ingancinsa daban, kuma a nan ne aikin ma'aikacin laburare yake komawa irin na mai tantance ruwaya. Ɗalibanmu na Arabiyya sun daɗe da sanin Maktabatus Shamila, wadda ta tara dubban littattafan tafsiri da fiƙihu da lugga kyauta, kuma abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne tana faɗa maka ko lambobin shafukan littafi sun dace da bugun takarda ko ba su dace ba, ta yadda mai tahƙiƙi zai iya komawa ga asali ya gani da idonsa. Wannan ita ce siffar amintaccen mai ruwaya: ya faɗi inda ya samo, ya bar maka hanyar bin sawunsa. Wikipedia ma, duk da kowa na iya sa hannu a cikinta, tana ajiye madogararta a ƙasan shafi da tarihin duk gyaran da aka yi, don haka nakan umarci ɗalibai su fara da ita, amma kada su tsaya a kanta. Manhajojin nan masu amsa tambaya da ake kira ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ya bayyana a watan Nuwamban 2022, su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin suna magana da fasaha da natsuwa ko sun sani ko ba su sani ba, har sukan ƙaga sunan littafi da marubucinsa da shafinsa. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda irin wannan manhaja ta ƙago musu. In lauyoyi masu shekaru a bakin aiki sun faɗa wannan rami, yaron aji uku fa? Ban ce a haramta su ba, domin ni kaina nakan nemi taimakonsu wajen tsara tambayoyin gwaji. Abin da na ce shi ne duk abin da suka faɗa a ɗauke shi a matsayin ruwayar da ba ta da sanadi har sai an same ta a littafi.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika kula da shi ba sai bayan ɓarna ta auku. Manhajar da ta ce kyauta ce, sa'an nan ta nemi sunan yaro da shekarunsa da hotonsa da lambar wayar mahaifinsa, lalle akwai abin da take karɓa a madadin kuɗi. Edmodo, wanda miliyoyin malamai da ɗalibai suka dogara da shi a duniya, ya rufe a watan Satumban 2022, kuma a shekarar da ta biyo baya hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da yin amfani da bayanan yara wajen talla ba da sahihin izinin iyaye ba. Google ma da girmansa ya rufe allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024. Malamin da ya zuba wahalar shekaru a irin wannan wuri ba tare da ya ajiye kwafi a hannunsa ba, ya yi gini ne a filin aro. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ina shakkar ko shugabannin makarantu da yawa sun san cewa wannan nauyi yana wuyansu.

Game da laburare kansa, buƙatarmu ta farko ƙanƙanuwa ce: mu san littattafan da muke da su, da wanda ya ara, da ranar da zai mayar. Koha, wadda aka rubuta domin wasu ɗakunan karatu na ƙasar New Zealand, ta kuma fara aiki a farkon shekarar 2000, tana yin wannan kyauta, kuma jami'o'i da dama a ƙasar nan suna amfani da ita, ko da yake girka ta yana son mai sani. Ƙaramar makaranta kuwa jadawali a kwamfuta ya ishe ta. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne shafin African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, inda ake samun gajerun labarai masu zane da Hausa, da izinin a sauke, a buga a takarda, har a fassara. Ga makarantar da 'yan aji ɗaya ba su da abin karantawa da harshen da suke magana da shi a gida, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, ko da yake wajibi ne malami ya bi rubutun ya gyara ƙa'idarsa kafin ya raba.

Na san za a ce malamanmu da yawa ba su iya kwamfutar ba balle su yi mata alƙalanci, kuma akwai gaskiya a cikin wannan. Amma wanda ya san inda yara ke tuntuɓe a darasin kasafi, ya san sa'ar da hankalinsu ke gushewa, ya san wanda bai karya kumallo ba, ya riga ya mallaki rabin ilimin da ɗan kwangila ba zai taɓa samu ba, ragowar rabin kuwa ana koyonsa cikin 'yan makonni in an sami mai nunawa da na'urar gwaji.

Don haka ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da hukumomin SUBEB da masu makarantu masu zaman kansu, da kada su sa hannu a kan cinikin wata manhaja sai an ba wasu malamai da ma'aikatan laburare, na birni da na ƙauye, zango guda cur su yi aiki da ita, a biya musu kuɗin data, a rage musu wasu darussa domin su sami sukuni, sa'an nan su rubuta abin da suka gani a ajiye inda sauran malamai za su karanta. In sun ce ta yi, a saya. In sun ce ba ta yi ba, a mai da kuɗin ga faifan sola da littattafai.