Jinjina ga Masu Yi wa Mariƙin Bindiga Kaushi a Amurka, Amma da Sauran Aiki

Yabon gwani ya zama dole, ko da sana'arsa ba ta cikin waɗanda muka saba gani a kasuwanninmu. A Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga, akwai masu aikin hannu da suka ƙware wajen yi wa mariƙin bindigar roba kaushi don kada ta suɓuce wa mai riƙe da ita. Wasunsu maƙeran bindiga ne masu shago da lasisi, wasu kuwa a garejin gidajensu suka koya, a kan bindigogin kansu. Sun cancanci jinjina, domin sun hango matsala tun da wuri, sun kuma yi mata magani da haƙuri da basira.

Matsalar ta zo ne tare da ci gaba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da ƙaramar bindiga mai gangar jikin roba a 1970, amma Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera kuma sojojin Austiriya suka karɓa a 1982, ita ce ta sa irin wannan ƙira ta bazu a duniya. Roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ga sauƙin kuɗi. Sai dai idan gumi ko ruwan sama ya jiƙa tafin hannu, mariƙin yakan yi santsi, kuma duk harbin da aka yi bindiga takan zabura ta gusa a hannu. Ɗan sanda a bakin aiki ko mai gasar harbi ya san cewa wannan 'yar gusawa tana iya kai harsashi inda ba a nufa ba.

Aikin nasu abin kallo ne. Gwani yakan zauna da ƙarfe mai zafi irin wanda masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ya shata iyakar inda zai yi aiki, sannan ya riƙa ɗosana bakin ƙarfen a jikin robar, ɗigo bayan ɗigo, har ɗaruruwan ƙananan ramuka su jeru ba wanda ya fi wani zurfi. Yakan tsananta kaushin a gaba da bayan mariƙi inda yatsu da tafi ke matsewa, ya sassauta shi a gefen da ke gogar jikin mai ɗauke da bindigar don kada ya ci masa fata ko riga. Wanda ya taɓa ganin baduku yana naɗe ƙotar takobi da fata zai gane manufar nan take: makami ya zauna daram a hannun mai shi.

Kamfanoni ma ba su toshe kunne ga koken masu saye ba. A 2009 Glock ya fito da mariƙi mai kaushi sosai, a 2010 ya kawo ƙira ta huɗu wadda ake iya ƙara wa bayan mariƙinta kauri daidai da girman hannu, a 2017 kuma ya cire gurabun yatsun da mutane da yawa ke gogewa da kansu. A shekarar ce Smith & Wesson shi ma ya ƙara wa mariƙin bindigarsa M&P kaushi. Su kuwa gwanayen masu aikin hannu, abin da ya ƙara musu daraja shi ne ba su yi rowar iliminsu ba. Nagartattun cikinsu sukan gaya wa mai koyo ya fara gwada hannunsa a kan tarkacen roba kafin ya kusanci bindiga.

To amma da sauran rina a kaba. Nauyi na farko a kansu shi ne su riƙa faɗin haɗarin aikin da irin ƙarfin muryar da suke nuna kyansa. Robar da ta narke ba ta komawa yadda take. Bangon da ke kewaye da gidan harsasai siriri ne. Idan zafi ya yi yawa zai iya lanƙwashewa ko ya huje, bindiga ta daina aiki daidai. Taɓa kewayen kunama kuwa wasa ne da rai. Irin wannan gyara yana iya soke garantin kamfani, ya kuma rage wa bindiga daraja a kasuwa. Hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki. Lambar shaidar da ke jikin bindiga kuma ba a taɓa ta, domin dokar tarayyar Amurka ta ɗauki mallakar bindigar da aka goge wa lamba a matsayin babban laifi. Kafin duk wannan, a tabbatar babu harsashi ko ɗaya a cikinta, a kuma fitar da harsasai daga ɗakin baki ɗaya.

Nauyi na biyu shi ne faɗa wa mai saye gaskiya, ko da za ta rage ciniki. Ba kowa ke bukatar ƙona mariƙinsa ba. Kamfanoni irin su Talon Grips da Hogue suna sayar da abin mannawa ko rigar roba da ake iya cirewa idan ba ta yi ba. Kuma kaushin mariƙi ba ya maye gurbin horo. Wanda bai iya riƙo ba, zane ba zai koya masa ba.

Nauyi na uku ya fi duka girma. Alkaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, fiye da rabinsu kuma su ne suka kashe kansu. Masu wannan sana'a suna da bakin magana a wajen masu bindiga fiye da 'yan siyasa da likitoci. Ya kamata duk bindigar da ta bar teburinsu ta tafi da nasiha a kan kulle ta a akwatin ƙarfe, nesa da yara da wanda ke cikin ƙuncin rai. Shirin Project ChildSafe ya daɗe yana raba makullan bindiga kyauta, kuma ya dace su zama 'yan gaba-gaba wajen yaɗa shi.

Mai karatu a Nijeriya ya tuna cewa dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin makaman da aka haramta wa jama'a sai da izini na musamman, don haka darasinmu a nan na ƙwarewa ne da riƙon amana. Ga gwanayen kuwa, muna cewa sannunku da aiki, Allah ya ƙara basira. Abin da muke jira daga gare ku yanzu shi ne kowane mai koyo da kowane mai saye ya bar wajenku ya san iyakar gyara, ya kuma san yadda zai tsare iyalinsa daga makamin da ke gidansa.