Darasin Milan ga kayan kiɗan Nijar

A shekarar 1911 aka fitar da tarin kayan wasan kwaikwayo na Jules Sambon domin gwanjo a birnin Paris. Attajiran Milan da gwamnatin Italiya suka haɗa kuɗi suka saye su kafin su watse. Da su aka buɗe gidan tarihin La Scala a 1913, inda har yau jama'a ke zuwa kallon tufafin mawaƙa, tsofaffin kayan kiɗa da piyanon Franz Liszt.

Nijar ma ta kusa yin irin wannan asara. Biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na masuntan Buduma a tafkin Chadi, ya kusa ɓacewa, sai Malam Maman Barka ya je ya koye shi wajen Bukar Tar. Barka ya rasu a 2018.

Cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya, amma ajiya kaɗai ba ta isa ba. A Milan gidan tarihin yana cikin gidan waƙar da ke aiki har yau. Wajibi ne hukumomi su biya tsofaffin makaɗa su koyar da matasa, kuma ƴan Nijar mazauna ƙetare su sa hannu a aljihu tun masu sanin suna raye.