Wace Gasa Ce Ke Raya Harshen Mutanen Ailan?

Ƙidayar da aka yi a Jamhuriyar Ailan a 2022 ta fito da alƙaluma biyu da suka yi hannun riga. Kusan mutum miliyan 1.9, wato kashi 40 cikin 100 na 'yan shekara uku zuwa sama, sun ce suna jin Gaeilge, harshen asali na ƙasar. Amma masu magana da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba. Ga shi kuwa shi ne harshe na farko a kundin tsarin mulki, an daɗe ana koyar da shi dole a makarantu tun bayan rabuwa da Birtaniya a 1922, Tarayyar Turai ma ta sa shi cikin harsunanta na hukuma a 2007. Doka ta yi nata, malamai sun yi nasu, amma yaro na fita daga aji sai ya koma Ingilishi. Abin da harshen ya rasa shi ne wurin da za a yi hira da shi, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace gasa da ake shiryawa da sunan raya shi.

Gasa ba baƙuwa ba ce a wannan gwagwarmaya. Ƙungiyar Conradh na Gaeilge, wadda su Douglas Hyde suka kafa a 1893, ta fara bikin Oireachtas a Dublin a 1897, kuma har gobe ana yin sa. Ƙololuwar bikin ita ce gasar waƙar gargajiya ta sean-nós: mawaƙi ya fito shi kaɗai, ba kiɗa ba amshi, yana jan murya yana lanƙwasa ta, domin neman kofin da aka sa wa sunan Seán Ó Riada, mutanen ƙauyen mawaƙin kuma na maƙale da rediyo. Wannan ya ceto wani fanni na adabi, ya kuma sa saurayi alfahari da waƙar kakarsa. Sai dai gwani ɗaya ake zaɓa, kuma bayan kwanaki kaɗan kowa ya watse. Gasar Glór na nGael, da wasu limaman Katolika suka assasa a 1961, ta bi wata hanya dabam. Ita gari take gwadawa da gari, kwamitin unguwa da kwamitin unguwa, alƙalai kuma su duba aikin shekara guda: shin an buɗe wa ƙananan yara wurin wasa da harshen, shin mai kanti ya rubuta allonsa da shi, shin iyaye sun sami inda za su haɗu su yi taɗi? Ba wanda zai ci irin wannan gasa shi kaɗai, dole ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Haka nan gasar ƙwallon gargajiya ta yankunan Gaeltacht, inda harshen ya fi ƙarfi, wadda aka fara a 1969, takan tara matasa a fili, wurin da ba malamin da ke riƙe da jan biro.

Wani zai ce duk wannan ado ne, domin a Gaeltacht ɗin masu magana da harshen kullum sun ragu daga sama da 23,000 a 2011 zuwa 20,000 da 'yan kai a 2022. Wannan suka tana da nauyi. Kofi ba ya hana saurayi barin Conamara ko Gaoth Dobhair idan babu aiki, ba ya kuma sama wa sababbin ma'aurata gida a ƙauyen da masu zuwa hutu suka saye gidajensa. Wannan aikin hukuma ne, kuma kada ta ɓuya a bayan bukukuwa. Amma wanda ya ce ƙoƙarin jama'a ba ya tsinana komai, to ya dubi titin Shaw a yammacin Belfast, a Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya. A 1969 wasu iyalai ƙalilan suka gina gidajensu da hannunsu a jere, don 'ya'yansu su tashi da Gaeilge. A 1971 suka buɗe makarantar firamare da yara tara, suka riƙe ta fiye da shekara goma ba tallafin gwamnati. Yau makarantun da ke koyarwa da harshen sun bazu a Ailan ta Arewa, kuma sai a 2022 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba shi matsayi a can. Jama'a ce ta shige gaba, doka ta biyo sahu bayan shekara hamsin.

Saboda haka, idan masu raba kuɗin tallafi za su zaɓa, to gasar da ke tilasta wa unguwa yin aiki tare daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ita ta fi cancanta da kaso mafi tsoka, ta dandamali kuma ta biyo baya.