Dashe ba ya son hayaƙi

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasarmu. Kowace shekara ma'aikatan gandun daji suna raba dashe, ana haƙa ramu, ana tafi, ana watsewa. In bazara ta zo, sai a ƙidaya abin da ya rayu. Mun saba ɗora laifi ga awaki, da gara, da ƙishirwa. Amma akwai abokin gaba na huɗu wanda ba a cika ambato ba, shi ne gurɓatacciyar iska.

A ƙasar Amurka an gane ɓarnarsa sosai. Cikin shekarun 1950, a duwatsun da ke kusa da birnin Los Anjeles, itatuwan da Faransawa ke kira «pin», masu ganye kamar allura, suka riƙa yin rawaya suna kaɗe ganye. Masana suka bincika, suka tarar hayaƙin motoci ne. In rana mai zafi ta bugi hayaƙi, sai ya haifi wata iska mai suna ozon. Ita ce ke shiga ƙananan ƙofofin ganye, ta ci shi kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Allah ya ba tsiro garkuwarsa. Ganye da kansa yana yin bitamin C, irin wanda ke cikin lemun tsami da ƴaƴan kuka, don ya kashe wannan dafi. Shi ya sa masana suka gwada ƙara masa ƙarfi. A 1978 aka bayyana wani magani mai suna EDU, aka kuma gwada fesa wa dashen «pin» wani dangin bitamin C. Wani wuri an ga amfani, wani wuri ba a gani ba. Kuma sai an yi ta maimaita feshin, da kuɗi masu yawa. Ana iya fesa lambun renon dashe. Wa zai fesa daji?

Ƴan'uwa, wannan darasi namu ne. Ba mu da «pin» a Guna, amma muna da gawo, da dogon yaro, da ɗakwara, kuma ba mu rasa rana ba. Damagaram ta yau ba ta 1975 ba ce. Motoci da babura sun yawaita, ga ƙona leda da tsofaffin tayoyi a bola, ga gobarar daji, wadda hayaƙinta ma ke haifar da ozon.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Magadan gari su zaɓi wurin renon dashe nesa da bola da babbar hanya. Masu unguwa su hana cinna wa shara wuta kusa da lambu. Manomi ya bar ƙona gona, domin wuta na kashe tohon da ba wanda ya sayo.

Mun san darajar wannan toho. Sarakunan Damagaram na da sun hana sare gawo, da hukunci mai tsanani. A zamaninmu, manoman Mirya da Magarya da Matamaye sun raya itatuwa cikin gonakinsu ba tare da dashe ba, har a 2006 aka ƙiyasta filin ya kai wajen hekta miliyan 1.

Taron Maraɗi na 1984 ya ɗora yaƙi da hamada a wuyan kowa. Wanda ya dasa itace bana, ya tsare masa ruwa da shinge, ya tsare masa iskar da zai shaƙa. Allah ya raya mana abin da muka dasa.