Agogon hannu na iya hango tashin ciwon hanji, amma ba kowane agogo ba

Akwai ciwon kumburin hanji da likitoci ke kira IBD, manyan nau'o'insa biyu ne: Crohn's da ulcerative colitis. Ba olsar da muka saba ji ba ce fa. Yana zuwa da murɗawar ciki, gudawa, wani lokacin har da jini, ga rama. Sai ya lafa na watanni, sannan ya taso ba sallama.

A Janairun 2025, likitocin Mount Sinai da ke New York a Amurka, ƙarƙashin Dakta Robert Hirten, suka fitar da bincike kan mutum 309 masu ciwon, waɗanda ke sanye da Apple Watch, Fitbit ko zoben Oura. Sun gano cewa bugun zuciya, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, iskar oksijin a jini da yawan taku kan fara canzawa har mako 7 kafin ciwon ya tashi.

Labari ne mai daɗi, amma kar ka ruga kasuwa tukuna. Mu masu buɗe cikin na'urorin nan mun san da yawa daga agogunan arha da ake tallatawa ba su da na'urar awo ta gaske. Koriyar fitila ce kawai, sai lambobi na ƙarya. Gwada da kanka: cire agogon, ka aje shi kan tebur, ka danna awon bugun zuciya. In ya nuna maka 78, to tebur ya samu zuciya ke nan!

Ko na gasken ma, ba zai rubuto maka "ciwonka na tafe" ba. A binciken, an haɗa bayanan agogon da gwajin jini da na bahaya. Kuma sai ana ɗaura shi kullum, har da lokacin barci, sannan za a san yadda jikinka yake in kana lafiya.

Shawarata, in kana da ciwon nan kuma kana da halin sayen na gaske, saya. Ka riƙa duba manhajarsa, ka nuna wa likitanka duk canjin da ya ɗauki kwanaki. Amma in zaɓi ne tsakanin agogo da kuɗin magani, wallahi magani ne gaba. Kuma kar ka daina shan maganinka don agogo ya nuna komai lafiya. Ka ga jini a bahaya? Asibiti kai tsaye.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.