Wai Shin Laifin Me Kalangu Ya Yi Mana A Keffi?

Yau da ɓacin rai na zauna gaban kwamfuta, don haka duk wanda maganata ta sosa wa rai ya yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ranar Asabar da ta wuce na je liyafar bikin 'yar wani abokina a nan Keffi. A bakin ƙofa na tarar da wani dattijo rataye da kalangu, da yaransa biyu. Bai ko fara kiɗa ba wani matashi ya tare shi: "Baba, a ɗan matsa gefe, ba a gayyaci maroƙa ba." Aka damƙa masa naira ɗari biyar, ya juya. A ciki kuwa an girke manyan lasifika, wani yaro yana danna waƙoƙi daga kwamfuta, ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Da aka tashi, uban amarya ya rage mini hanya. Kun san abin da ke tashi a motarsa? Shata!

To, a nan gizo ke saƙa. Muna son Shata a mota, amma muna ƙyamar mai kalangu a ƙofar gida. Muna girmama mawaƙi in ya mutu, muna korar sa in yana raye.

Mai karatu, amsa mini tsakani da Allah: ina ne a Keffi magidanci zai ɗauki iyalinsa da yamma, su ci abinci, su ji kiɗan Hausa daga hannun makaɗi? Abinci dai ba mu rasa ba. Ga masu tsire da balangu, ga masa, ga fura da nono, ga teburin mai shayi a kowace kwana. Amma kiɗa? Sai ka jira hawan Sallah ka ji kakaki da algaita a ƙofar fada, ko ka shiga mota zuwa gidan dambe a Marabar Nyanya ko Dei-Dei, ko kuma ka jira lokacin siyasa, a ɗauko makaɗi ya zagi abokin hamayya. Abin da ya rage sai mashaya, inda mai mutunci ba ya kai ƙafarsa. A garin da ke da jami'a, ga dubban ma'aikatan Abuja suna kwana a cikinsa!

Akwai wani birni a Amurka mai suna Nashville, a jihar Tennessee. Ba da fetur ya yi suna ba, da kiɗan mutanen karkara ya yi, wanda suke kira kantiri. Da can 'yan birni raina kiɗan suke yi, suna cewa na ƙauyawa ne. A 1925 wani gidan rediyo ya fara shirin da ya zama Grand Ole Opry, inda makaɗa ke wasa a gaban jama'a. A 2025 shirin ya cika shekara 100. A titinsu na Broadway, tun hantsi har tsakar dare makaɗa ke karɓa-karɓa, mutane na cin kazarsu mai yaji. Akwai kuma wani ɗan gidan abinci, Bluebird Cafe, da aka buɗe a 1982. Kujerunsa ba su kai ɗari ba, kuma in mawaƙi ya fara, shiru ake yi. Abin da zai ba ka haushi ma, banjo ɗin da suke taƙama da shi, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinsa. Ɗan uwan gurminmu ne da molo. Su sun gina birni da shi, mu muna korar namu da ɗari biyar.

Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wa ya gaje su? Kiɗa ba a littafi ake koyon sa ba. Yaro kan fara da ɗaukar ganga, ya zama ɗan amshi, ya shekara goma yana bin ubangidansa kafin hannunsa ya faɗa. To yaron da ya ga an wulaƙanta ubansa a ƙofar biki, me zai hana shi ajiye kalangu ya nemi babur ɗin acaɓa? Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya muka yi zango a nan, asarar ta fi yi mana yawa. 'Ya'yanmu a nan aka haife su. Tambayi ɗanka bambancin kukuma da goge, ko kotso da kalangu, ka sha mamaki. Alhali maƙwabtanmu Alago na Keana ba su yar da bikin gishirinsu ba.

Na san za a ce addini. Ni ba malami ba ne, kuma wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya don tsoron Allah, ina girmama shi. Rigimata da wanda ya kori kalangu ne ya kawo lasifika, mata da maza na cakuɗuwa a fili har sha biyun dare. Wannan ba tsoron Allah ba ne, raina na gida ne.

Za a kuma ce makaɗa sun cika roƙo da zambo. Gaskiya ne. Amma wa ya mayar da su haka? Wanda ba shi da wurin sana'a, dole ya bi ƙofa-ƙofa. A gidan dambe kuɗin ƙofa ake biya, kuma jama'a na cika. Ashe Bahaushe zai biya in an tsara masa.

Shawarata ba ta bukatar gwamnati. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da direbobi da mahauta su nemi fili guda mai katanga, a sanar da fada don neman albarka. Ko sau ɗaya a wata ne, daga bayan la'asar, a dakata a yi magariba da isha'i, a tashi ƙarfe tara. Ba giya, ba shaye-shaye, ɓangaren iyali daban. Masu tsire da masa da kunun aya su biya kuɗin rumfa, mai shiga ya biya kuɗin ƙofa, a sallami makaɗi da ladan da aka yi ciniki tun farko, ba liƙi ba. Wannan wata mai gurmi, wata mai zuwa mai kukuma, wata rana kuma a bar wa mata filinsu su yi amada. Ɗaliban jami'a su ɗauki sautin su adana.

Dattijon nan ban san sunansa ba, kuma ni ma da ke wannan surutu ban buɗe baki na tsaya masa ba. Abin da ya hana ni barci ke nan. Duk wanda ya san inda yake zaune, don Allah ya yi mini kwatance. Ina da sunan jika wata mai kamawa, kuma shi zan fara gayyata.

Allah Ya sa mu gane. Sai mun sake haɗuwa.