Hutun Lahadi Ko Da Damina Ce

'Yan'uwa cikin Kristi a Birnin Kudu da Gwaram, da zarar damina ta sauka sai kujerun majami'unmu su zama wayam. Wannan yana gona, wancan yana kasuwa, wai tunda maƙwabta ba su tsaya ba mu ma kada mu tsaya. Amma Fitowa 34:21 ta umarci hutun rana ta bakwai har a lokacin huɗa da girbi, sa'ad da aiki ya fi yawa. Wanda ya ajiye fartanya ran Lahadi yana shaida cewa Allah ne mai ciyar da shi. Dattawan ikilisiya, mu fara daga gidajenmu: 'yan ƙodago da shanun huɗa su ma su huta. Ubangiji ya taimake mu.